Littafin da Muka Buɗe ta Baya

Ina da shekara talatin da tara na fara riƙe fensir. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ɗauka 'yar boko ce ta gado ke magana. Kafin nan karatuna na allo ne, sai dakan fura da kitso da renon 'ya'ya. Bayan rasuwar mijina na ga ko takardar sakamakon 'yata sai na kai wa maƙwabci ya karanta mini, shi kuma ya karanta da ƙarfi yadda duk gidansa za su ji. Sai na yafa gyalena na tafi ajin manya da ake yi wa mata a firamaren unguwarmu idan an tashi yara.

Ranar farko aka raba mana littattafan rubutu. Na buɗe nawa yadda na saba buɗe Alƙur'ani, daga dama, na yi ta jera 'yan sandunan da aka ce mu yi har na cika shafi. Malamin matashi ne, sa'an ɗan yayata. Ya zo ya ɗaga littafin sama ya nuna wa aji, ya ce, "Ku duba, Mama daga ƙarshe ta fara. Ita har ta gama makarantar!" Mata suka kwashe da dariya, har da waɗanda nake yi wa kitso. Ban yi kuka ba. Amma kwana tara ban koma ba, kuma ranar da na koma na ɗaukar wa kaina alkawari cewa in Allah ya sa na taɓa tsayawa gaban aji, ba zan ɗaga littafin kowa sama ba.

Allah ya sa na tsaya. Na gama ajin manya, na zauna jarrabawar sakandare tare da 'yan matan da na je sunansu, na yi takardar malanta, na koyar da Turanci a firamare har gwiwoyina suka ce ya isa.

Jidda kuwa wankan jego ne ya kai ni. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce a can, ita da mijinta suna zaune a unguwar Safa, hawa na uku. Da aka yi arba'in ta koma aiki, jariri ya samu mai kula da shi da rana, ni kuma na zama kamar kujerar falo. Ƙofa a rufe, taga a rufe, na'urar sanyi tana ta gurnani tun safe. Ni da nake leƙa gida bakwai kafin azahar, sai ga ni ina gaida maƙwabciya a bakin lif tana duban wayarta.

Akwai wata mata da ke kawo mana yajin jego da daddawa daga unguwar Sharafiyya duk mako. Haihuwar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Wata rana ta same ni ina duba wata tsohuwar jaridar Turanci, ta ajiye ledarta ta tsaya.

Ta ce, "Khala," wato inna, "Ingilizi kike karantawa?"

Na ce, "Shi na koyar har na tsufa."

Sai ta zauna a ƙasa ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ba ni labarin wata 'yar ƙaramar makaranta a wani lungu na unguwar Madain Fahd, ɗaki biyu a saman bene, inda wata tsohuwa ke tara yaran da ba su da iƙama, waɗanda ba su da takardar shiga makarantar hukuma. Ana koya musu Alƙur'ani da Larabci da lissafi. Turanci ne babu mai koyarwa. Gidaje da yawa kuma suna shirin komawa Nijeriya, ƙasar da yaran ba su taɓa gani ba, inda makaranta duk da Turanci ake yinta. Su ma suna cikin masu tafiyar. Kafilin mijinta, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya rasu, takardu sun mutu, sun gaji da ɓuya. Tana da 'ya mai shekara goma sha uku.

Da na gaya wa 'yata zan je in koya musu, sai ta riƙe haɓa. "Mama, bizar ziyara fa gare ki, ba ta aiki ba."

Na ce, "Aiki shi ne wanda ake biya. Wa ya ce miki za a biya ni?"

Mijinta ya yi dariya ya ce, "Turawa suna zuwa ƙauyukanmu koyar da Turanci kyauta, Mama kuma ta tsallako ƙasar masu mai za ta yi musu."

Na ce, "Ka kai ni gobe, ka hau benen ka gani ko man ya kai can."

Ya kai ni. Bai hau ba, amma kullum shi yake sauke ni kafin ya wuce aiki, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Mai makarantar ta girme ni da kamar shekara goma. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa don aikin hajji, bai koma ba. Ita ba ta taɓa taka Nijeriya ba, amma tuwo take ci kuma da Hausa take faɗa. Yara suna ce mata Sitti, wato kaka, ni ma na bi su. Ni kuma suka sa mini Abla, yadda ake kiran malama a can. Su ashirin da uku ne, daga 'yan shekara shida zuwa sha huɗu, a zaune kan darduma, fanka ɗaya tana juya musu zafin Jidda mai danshi. In na yi musu Hausa suna ji sarai, amma da Larabci suke ba ni amsa.

Wani mai kantin takardu, mutumin Nijar, shi ya ba makarantar kwali guda na littattafan rubutu sadaka. Daftar suke ce wa littafin. Duk na Larabci ne, masu jan layi a gefen dama. Ranar farko na ce kowa ya buɗe nasa. Hannu ashirin da uku suka buɗe daga dama a lokaci guda. Na tsaya da alli a hannu ina kallonsu, sai na ji dariyar matan nan ta ajin manya kamar a bayan kunnena. Na juya na fuskanci allo na ce mu fara.

Kada a ce ban yi aiki ba. Na sha fama kafin hannunsu ya yarda ya taso daga hagu ya nufi dama a kan layi. Na riƙe yatsun ƙanana, na yi wa manya tsawa. Layi kam na gyara shi tsaf. Littafin ne na bari suna buɗewa ta inda suka saba, suna tafiya shafi bayan shafi ta hanyar Larabci. Na ce wa kaina ba komai ba ne.

Sitti ta lura a mako na biyu. Bayan an tashi ta ɗauki daftar ɗaya tana jujjuyawa.

Ta ce, "Hajiya, na ga littattafan Ingilizi ba ta nan ake buɗe su ba. Akwai daftar nasa daban. In ce wa mai kanti ya canza mana?"

Na ce, "Turanci nake koyarwa, ba buɗe littafi ba."

"Na sani, ya ukhti. Amma can inda za su..."

"Can inda za su daga can na zo. Tsakanina da ke wa ya yi boko?"

Ta mayar da daftar ɗin cikin sauran, ta ce, "Tayyib. Ke ce Abla." Ba ta sake tada maganar ba. Na koma gida ranar ina jin na kare yara daga wulaƙanci.

Yarinyar mai shekara sha uku, 'yar mai kawo mana yajin nan, doguwa ce, ta fi uwarta tsawo. Ba ta magana a aji sai ta tabbatar da abin da za ta faɗa daidai ne, in kuwa ta yi kuskure sai ta yini ba ta ɗaga kai ba. Na gane halin don nawa ne. Wata rana ta tsaya har kowa ya sauka, ta zo tana murɗa bakin abayarta.

Ta ce, "Abla, wai sahih ne a can in mutum bai iya Ingilizi ba, tare da ƙanana ake zaunar da shi?"

Na ce, "Ana yi."

"Ko ya kai kamar ni?"

"Ko ya kai kamar ni. An yi mini."

Ta zaro ido. Na ba ta labarin jarrabawar da na zauna da 'yan matan da na je sunansu, yadda mai gadi ya tare ni a ƙofa ya ce iyaye a waje suke jira. Ba ta yi dariya ba. Ta ce in aka zaunar da ita da ƙanana, wallah ba za ta je ba, gara ta zauna a gida har ta mutu. Na ce ta bar rantsuwa. Sannan na yi abin da malami mai hankali ba ya yi, na yi mata alkawari. Na ce, "Wata shida ya rage muku. Ki yi duk abin da na ce, ni kuma na ɗauka miki, ba mai zaunar da ke da 'yan shekara bakwai."

Ta yi fiye da abin da na ce. Ta cika daftar huɗu. Tana karanta bayan gwangwanin madara, tana karanta allunan kan titi ta tagar mota, tana tare ni a matakala da tambaya kafin in huce haki. A wata na biyar ta rubuta mini shafi ɗaya da rabi a kan rufin gidansu, da tantabarun maƙwabcinsu, da yadda aka haife ta a garin teku amma sau biyu kacal ta ga tekun. Kuskure bakwai na samu. Na koyar da 'yan aji shida a gida da ba za su iya rabinsa ba.

Lokacin tafiyarsu ya yi. Na rubuta mata 'yar wasiƙa ta kai wa duk shugaban makarantar da za su je, na ce a gwada ta kafin a yanke mata aji. Da za mu rabu ta sumbaci goshina yadda suke yi wa manya, ta ce, "Abla, zan aiko miki da hoton ajina."

Mako bakwai ba hoto. Ran nan bayan azahar ina ba jikana ruwa sai saƙon murya ya shigo daga uwarta. Na saurara sau uku.

"Khala, ma'alesh, ban so in gaya miki ba. An yi mata imtihan, sun ce ba ta rubuta komai ba, ko harafi ɗaya. Aji biyu suka sa ta. Ta je mako uku, bencin ma bai ɗauke ta ba, yara suna ce mata uwar aji. Yanzu kwana goma ke nan ta ƙi fita, tana kwance ta juya wa mutane baya. Babanta ya ce halas, a bar bokon, a kai ta ɗinki."

Na miƙa wa mai reno yaron na kira. Da ƙyar uwar ta sa ta karɓi wayar. Ba ta gaishe ni ba.

Na ce, "Me ya hana ki rubutu? Tsoro kika ji?"

Ta ce, "Na rubuta."

"Sun ce ba ki rubuta ba."

"Shafi shida na cika, Abla. Na amsa duka. Har na rubuta na tantabaru." Muryarta a bushe, ba kuka a ciki.

"A kan me kika rubuta? Takarda suka ba ki?"

"Daftar. Sabo. Malamin ya rubuta sunana a bayansa ya miƙo mini."

Na ce, "A bayansa?"

"Eh. Sai na juya na fara daga farko."

Nan na gane. Malamin a gaban littafi ya rubuta sunanta. Ita ce take ganin nan ne baya. Ta juya shi ta buɗe ta inda na bar ta tana buɗewa wata shida, ta zuba duk abin da ta sani a shafukan ƙarshe. Mai dubawa ya buɗe ta gaba, ya ga fari, ya ƙara buɗe biyu ko uku, fari, ya rufe. An riga an ce masa daga Makka take, me zai sa ya ci gaba da nema?

Ta ce, "Abla, kin yi shiru."

Na ce, "Ba ni mamanki."

Na karɓi lambar shugaban makarantar. Washegari da hantsi na kira shi. Na gaishe shi yadda ya kamata, na faɗi ko ni wace ce, na ce ni na rubuto wasiƙar.

Ya ce, "Af, Hajiya, ke ce? Mun ga wasiƙa, mun kuma gwada ta kamar yadda kika nema. Ai mun saba da yaran nan masu dawowa. Larabci kam kamar ruwa, amma boko sai a hankali."

Na ce, "Ranka ya daɗe, littafin da ta yi jarrabawar yana nan?"

"Littafin da ba komai a ciki?"

"Shi. A nemo shi a buɗe ta baya."

Ya yi 'yar dariya. "Hajiya, daga Saudiyya za ki koya mana duba jarrabawa?"

Na ce, "Na duba jarrabawa shekara goma a aji mai yara tamanin, ba daga Saudiyya na koyo ba. Ban ce ka ƙara mata maki ko ɗaya ba. Cewa na yi ka juya littafi. In ka juya ba komai, ka kira ni ka zage ni, na yafe."

Ya ce zai duba. Na san irin wannan zai duban, ni ma na sha faɗarsa. Na kira washegari, ya ce malamin da ya yi gwajin bai zo ba. Na kira jibi, bai ɗauka ba. Na sake kira, na sake, har ya ɗauka ya ce, "Hajiya, don girman Allah, ina cikin taro." Na ce zan jira a kan layi. 'Yata tana gefe tana yi mini alama da hannu in sassauta. Ban sassauta ba. Yarinya tana kwance ta juya wa duniya baya saboda ni, ba ni da kunyar da zan ji.

Rana ta huɗu shi ya kira da kansa. An samu littafin a jakar malamin. Da ya ga sabo ne ba rubutu, sai ya soke sunan ya mayar da shi na shirya darasinsa. Ya ci shafi tara ta gaba, bai kai ga nata ba.

Shugaban ya ce, "Ga shi a hannuna. Bari in juya, don ki bar ni in sha ruwa."

Na ji ƙarar takarda. Sannan na ji yana karantawa a hankali, da Turanci, maganar yarinyar da aka haifa a garin teku ta ga tekun sau biyu. Ya tsaya ya yi salati.

Ya ce, "Ita ta rubuta wannan?"

"A gabanku ta rubuta."

Ya ce sakandare kam ba zai yiwu bana ba, zango ya yi nisa, kuma lissafinta da saura. Amma ta zo ranar Litinin ta shiga aji shida, shi da kansa zai kai ta. Na yi godiya. Har zan kashe sai ya ce, "Amma Hajiya, laifin ba namu ne mu kaɗai ba. Wa ya koya wa yarinya mai wannan kai buɗe littafin boko ta baya?"

Na ce, "Ni ce."

Na kashe wayar.

Da safe na hau benen tun kafin yara su zo. Sitti tana shara. Na karɓi tsintsiyar daga hannunta na jingine, na ba ta labarin tun daga farko, har da malamin ajin manya, wanda ban taɓa gaya mata ba. Na ce, "Kin faɗa mini, na yi miki rashin kunya a cikin makarantarki. Ki yafe ni."

Ta ce, "Allah ya yafe mana duka. Daftar ɗin Ingilizi suna cikin kabad tun watan da na yi miki magana. Na karɓo na ajiye."

Da yara suka zauna na raba musu sababbin. Hannuwa suka tafi dama kamar kullum. Na ce kowa ya tsaya. Na ɗauki nawa littafin, na ɗaga shi sama yadda na bayan ɗaki zai gani, na buɗe ta dama, na ce haka na buɗe ranar da na fara makaranta ina da 'ya'ya huɗu, aka yi mini dariya. Wasu suka fara murmushi, suka ga fuskata suka daina. Na juya shi na buɗe ta hagu. Na ce Alƙur'ani da Larabci ta can, Turanci ta nan, kuma duk wanda ya manta zan tsaya a kansa har ya tuna. Muka yi ta yi, a rufe a buɗe, a rufe a buɗe, ba mu rubuta ko kalma ɗaya ba ranar. Wata 'yar shekara shida ta gaji ta fashe da kuka ta ce hannunta ba ya so. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na riƙe hannun, muka buɗe tare, na ce ta sake.

Yarinyar ta koma makaranta ranar Litinin ɗin. Uwarta ta ce sunan uwar aji ya bi ta har aji shida, ƙananan suna kiranta da shi in an fito tara, ita kuma ba ta waiwaya. Na nemi a ba ta waya sau uku kafin bizata ta ƙare, kullum sai a ce ta fita ko tana wanka. Uwar ta ce kunya take ji. Na ce to.

Ana saura kwana biyu in bar Jidda, ina ɗaure kaya, saƙo ya shigo ta wayar uwar. Hoto ne guda ɗaya, ba murya, ba gaisuwa. Ba hoton aji ba ne. Littafin rubutu ne a kan benci, an buɗe shi ta hagu, shafin farko cike da rubutunta, babban yatsanta ya danne gefen takardar don kada ta rufe.